Wace manhajar burauza ce ta dace da naɗar podkas a Kaduna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Unguwar Rimi, kuma ina shirin fara podkas na hira da mata masu sana'a. Wasu daga cikin baƙina suna nan Kaduna, wasu Zariya da Kano, akwai kuma biyu a Ingila da Saudiyya. Laftof ɗina na hannu ne, ba ni da sutudiyo. An ce akwai manhajojin da ake naɗa da su kai tsaye daga burauza, aka lissafa min Riverside, Zencastr, SquadCast da Cleanfeed. Wacce zan ɗauka, kuma dole sai na biya kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya yi wa shirin albarka.

Na daɗe ina aikin sauti a garin nan, tun lokacin da ake fita ɗauko rahoto da rikoda mai kaset, kuma duk manhajar da aka kawo min tambaya ɗaya nake fara yi mata: idan sabis ya yanke a minti na arba'in, ina muryar baƙuwata take? Masu tallar waɗannan manhajoji suna zaune a inda wuta ba ta ɗaukewa, intanet kuma na shigowa gida ta waya mai ƙarfi, shi ya sa za ki ga sun cika shafinsu da zancen bidiyo mai 4K da rubuta hira da kanta. Mu a nan amsar waccan tambayar ce ke raba gardama.

Manhajojin nan gida biyu ne. Gida na farko yana naɗar abin da ya ratso intanet ya iso kunnenki. Idan muryar baƙuwa ta sarƙe a hanya, ta zama kamar ana magana cikin tulu, haka za ta zauna a fayil ɗinki har abada. Cleanfeed a nan take, haka ma Zoom. Gida na biyu kuwa burauzar kowa ce ke naɗar muryar mai ita a cikin na'urarsa, tana tura ta kaɗan-kaɗan zuwa rumbun kamfanin yayin da kuke hira. Ko da kin ji baƙuwa tana yankewa lokacin hirar, abin da za ki sauke daga baya garau zai fito, domin bai bi ta mummunar hanyar ba sai bayan an riga an adana shi. Riverside da Zencastr da SquadCast duk haka suke aiki. Dabarar ma tsohuwa ce a wurin ma'aikatan rediyo: mai gabatarwa yana sutudiyo yana tambaya ta tarho, wakili yana zaune gaban baƙo riƙe da rikoda, daga baya a haɗa naɗin biyu su zama kamar a ɗaki ɗaya aka yi.

Da jin wannan kowa zai ce gida na biyu ya yi nasara. A takarda haka ne. Amma akwai wani sharaɗi da ba a cika faɗa da ƙarfi ba: sai fayil ɗin baƙuwa ya gama hawa kafin ya zama naki. Ga lissafin. Sauti marar matsi, wato WAV, a kan 48 kHz da bit 16, layi ɗaya, yana cin kilobit 768 a kowace daƙiƙa. A awa ɗaya megabait 345 ke nan na mutum ɗaya. MP3 mai kilobit 128 bai wuce megabait 58 a awa ba. Idan ƙarfin turawa na layin baƙuwarki megabit 1 ne, wancan WAV ɗin na buƙatar kimanin minti 46 kafin ya kammala, ko da ba abin da ke ja masa layi, ga shi kuma hirar kanta tana cin nata rabon. Ki ƙara bidiyo a kai, zance ya koma na gigabait. Mutane da yawa idan sun gwada ƙarfin intanet lambar saukewa suke kallo su yi murna, alhali a wannan aikin lambar turawa ce abar dubawa, kuma a layukan wayarmu ita ce ta fi rauni, musamman da daddare lokacin da unguwa duka ta hau layi.

Ni wannan darasin da tsada na saye shi. Na taɓa hira da wani dattijo a Zariya kan tarihin sana'ar dukanci, ta wayar ɗansa, da ɗaya daga cikin manhajojin gida na biyu. Fiye da awa guda muna tafe, tsoho ya saki jiki yana ba da labarin da ban taɓa ji a bakin kowa ba. Muka yi sallama, na ga nasa ɓangaren bai kai rabi ba wajen hawa. Kafin in kira yaron in ce kada ya taɓa komai, ya rufe shafin. Wannan kaɗai da sauƙi, domin yawancinsu suna da hanyar da baƙo zai koma ya ƙarasa turawa, tunda fayil ɗin na nan a ma'ajiyar burauza. Sai dai wayar ta yi ta kukan ta cika, shi kuma ya danna manhajar nan mai share tarkace. Ta share har da dattijon. Da muka sake zama bayan mako biyu, amsoshi ya ba ni, labari kam ya tafi. Laifin nawa ne, ban gaya wa yaron komai ba tun farko.

Saboda haka idan za ki bi wannan gidan, ki gaya wa baƙuwa tun kafin a fara cewa bayan sallama za ta bar shafin a buɗe har sai kin kira ta kin ce ya isa. Kada ta shiga ta ɓoyayyen shafi na burauza, wanda ke goge komai da zarar an rufe shi. Ta tabbata akwai fili a wayar. Ta kuma toshe kira na lokacin, domin kira ɗaya idan ya shigo yana iya ƙwace makirufo daga hannun burauza. Ki kuma aika mata data kafin ranar. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, bai kamata mai sayar da turaren wuta ta ba ki lokacinta sannan ta ba ki megabait ɗari uku daga aljihunta ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da nake ganin ya fi laftof ɗinki muhimmanci, wato na'urar da ke hannun baƙuwa. Ke za ki koyi kowace manhaja cikin kwana biyu. Hajiyar da ke da shago a Kasuwar Barci, wadda ta sace minti talatin tsakanin masu ciniki, ba za ta koya ba, kuma bai kamata a nemi ta koya ba. Yawancin waɗannan manhajoji an gina su ne da tunanin kowa na zaune gaban kwamfuta mai Chrome. Idan da waya za a shiga, wasu sai baƙo ya sauke manhajarsu tukuna, ya ba ta izini kala-kala da Turanci. Kowane mataki da kika ƙara, kin ƙara wurin da za a maƙale, kuma baƙuwar da ta sha wahala kafin ta shigo a takure take fara magana.

A nan ne Cleanfeed ke burge ni, duk da tana gida na farko. 'Yan Ingila ne suka yi ta, da tunanin ma'aikatan rediyo, murya zalla. Kina tura wa baƙuwa mahaɗi, ta danna, ta yarda a yi amfani da makirufo, shi ke nan kun haɗu. Naɗin a burauzarki yake faruwa, don haka babu jiran wani ya gama turawa. Kuna sallama fayil na hannunki. Tana amfani da tsarin matse sauti mai suna Opus, wanda aka tabbatar da shi a 2012, shi ne ma ke ɗauke da saƙon murya na WhatsApp. A kilobit 64 murya tana fita tas, kuma awa guda ba ta wuce megabait 29 ta kowace fuska. Layin da zai durƙushe da bidiyo yana iya ɗaukar wannan. Aibinta a fili yake: idan sabis ya yi tangal-tangal, ramin da ya bari ya zauna. Maganinsa na ɗan rediyo ne, ki sa kunne sosai, da kin ji kalma ta ɓace ki ce, Hajiya a yi haƙuri, a maimaita min wannan. Aibi na biyu, tunda komai a burauzarki yake, idan laftof ya mutu kafin ki adana kina iya rasa duka. Laftof na hannu kuwa batirinsa sai a hankali. Ki cika caji, ki jona shi da inbata ko wani abin da zai riƙe shi idan an ɗauke wuta, kuma ki raba doguwar hira gida biyu, ki adana na farko kafin ki shiga na biyu.

Akwai wani abu game da hirar Hausa da masu gina manhajojin nan ba su san da shi ba. Mu ba ma yin shiru mu bar mai magana shi kaɗai. Ana ba ki labari kina cewa na'am, ƙwarai, haka ne, ikon Allah, kuma idan kika yi gum baƙuwa za ta ɗauka layi ya yanke ko kuma ba ki tare da ita. Gaisuwa kaɗai muryoyi biyu ne ke hawa kan juna na minti guda. To, burauza tana da wani tsari na kashe amsa-kuwwa, wanda idan mutum biyu suka yi magana lokaci ɗaya yake danne ɗaya. Sakamakon shi ne kowane na'am naki yana cinye rabin kalmar baƙuwa. Abu biyu ke magance wannan. Na ɗaya, ku duka ku sa abin ji a kunne, sannan a kashe wancan tsarin idan manhajar ta ba da dama. Na biyu, ki nemi manhajar da ke ba kowa layinsa daban, ta yadda wajen tacewa za ki rage naki na'am ɗin, ko ki cire kukan yaro daga ɓangarenki ba tare da kin taɓa muryarta ba. Gida na biyu duka suna ba da wannan. A Cleanfeed raba kowa da layinsa yana cikin tsarin da ake biya. Zoom ma tana da wurin da ake dannawa ta ware fayil ɗin kowa, sai dai ta kyauta tana yanke taro a minti 40, kuma tana matse murya fiye da yadda nake so.

Abin ji kuma mai igiya nake nufi, irin wanda ake sayarwa a kowane shagon waya a Ahmadu Bello Way. Na Bluetooth da zarar an kunna makirufonsa ingancin sauti ke faɗuwa ya koma kamar na tarho, komai tsadarsa.

Za ki ga kowace manhaja yanzu tana alfahari da ƙirƙirarriyar basira: tana rubuta hira, tana cire "eh" da "am", tana wanke hayaniya, kina goge kalma a rubuce sauti ya bi. Da Turanci abin yana aiki har ya ba da mamaki. Da Hausa kada ki biya ko kwabo saboda shi. Tsarin Whisper mai mayar da magana rubutu da kamfanin OpenAI ya fitar a 2022 ya lissafa Hausa cikin harsunansa, amma Hausar da aka horar da irin waɗannan na'urori da ita kaɗan ce ƙwarai idan aka gwada da Turanci, kuma gyaran abin da suke rubutowa yakan fi rubutawa da hannu cin lokaci. Mai wanke hayaniya kuwa sai da taka-tsantsan. Na taɓa sa wata hira a cikin ɗaya daga cikinsu don ya cire min ƙarar janaretan maƙwabta. Ya cire kam. Amma ya lallausa ƙ da ts har "ƙasa" ta kusa komawa "kasa", kuma baƙona ya fito kamar Bature mai koyon Hausa. Idan dole ne, ki sa shi kaɗan, ki saurara da kunnen Bahaushiya kafin ki saki. Mu da muka tashi muna kama tashoshi a gajeren zango mun saba da ɗan shuu a bayan murya, ba ya hana mu sauraro. Kalmar da aka gurɓata ce ke sa a kashe.

Batun kuɗi gajere ne. Dukkansu da kuɗin waje suke karɓa, wata-wata, kuma farashi da iyakar tsarin kyauta suna canzawa, don haka ki duba shafinsu ranar da za ki yanke shawara. Ki kuma tambayi bankinki ko katinki na naira yana biyan kuɗin waje, domin an yi lokacin da bankuna da yawa suka rufe wannan ƙofar. Kada ki biya na shekara guda tun ba ki fitar da shiri biyar ba. Kamfanonin nan ma ba su da tabbas. Spotify ta sayi manhajar podkas mai suna Anchor a 2019, mutane da yawa suka gina shirinsu a kan kayan naɗarta na kyauta, a 2024 aka cire kayan aka nuna musu hanyar Riverside. Descript, mai manhajar tace sauti da bidiyo, ta sayi SquadCast a 2023. Skype da aka yi shekaru ana hirar rediyo da shi an rufe shi a watan Mayun 2025. Don haka duk hirar da kika gama, ki sauke asalin fayilolin a ranar, ki ajiye a wuri biyu. Ki kuma gaya wa baƙuwa a fili cewa ana naɗa, da inda za a saka shirin, ta amsa da bakinta a farkon naɗin.

Yanzu ga yadda zan raba baƙinki in da ni ne.

Na cikin Kaduna, ki hau keke ki je. Babu manhajar da ta kai zama a tabarma ɗaya, kuma ba ki buƙatar intanet ko kaɗan: Audacity, manhajar naɗa da tace sauti, kyauta ce, tana zama a laftof, ko kuma ki yi da rikodar waya. Ƙarar keken ɗinki ko ta injin markaɗe a bayan mai sana'a ado ne ga irin shirinki, muddin bai danne magana ba.

Na Zariya da Kano masu shiga da waya, Cleanfeed ta kyauta, tare da abin da nake kira taya ta biyu. Baƙuwa ta ari wata wayar, ta buɗe rikodar da ke cikinta, ta ɗora a kan matashi kusa da bakinta kamar tazarar tafin hannu, ta bar ta tana ɗauka har ƙarshe. Waya ta biyu nake cewa domin wayar da ake hira da ita ba kasafai take yarda wata manhaja ta raba makirufo da ita ba. Da an fara, ki ƙirga ɗaya, biyu, uku ku tafa tare. Wannan tafin shi za ki nema a layukan biyu ki daidaita su. Bayan an gama ta turo miki ta WhatsApp a matsayin fayil, kamar yadda ake tura takarda, ta nan har gigabait 2 yana wucewa kuma ba a rage masa inganci. Lokacin da ta samu sabis mai kyau ta turo, ko washegari ne. Kin ga kin samu amfanin gida na biyu ba tare da fargabar shafi ya rufe ba. A doguwar hira naɗin biyu kan ɗan zame wa juna zuwa ƙarshe, sai ki yanka a wani wurin shiru ki matsar.

Na Ingila da Saudiyya, waɗanda galibi suna da intanet na gida da kwamfuta, nan ne Riverside ko Zencastr ke da rana, kuma tsarin kyauta ko na gwaji zai isa ki gane wacce ta fi kwanta miki. Idan kina son gutsattsarin bidiyo na sakawa a Facebook da TikTok, Riverside ta fi karkata can. Ki dai tuna a wannan karon ke ce mai raunin layi, naki fayil ɗin ne zai yi jinkirin hawa, don haka ki rage girman bidiyon ko ki kashe shi. SquadCast ba zan sa ki fara da ita ba, domin ƙarfinta yanzu yana tare da tacewa ta hanyar rubutu a Descript, abin da ba ya amfanar mai shirin Hausa. Wajen sa lokaci, Saudiyya tana gabanmu da awa 2. Ingila lokacinmu ɗaya da su a bazararsu, mu riga su da awa 1 a lokacin sanyinsu.

Kowacce kika ɗauka, ki yi mata jarrabawa kafin ki gayyato babbar baƙuwa. Ki sa ƙanwarki ta shiga daga wani ɗaki da wayarta, da datarta. Ku yi minti goma, sannan ta kashe data da gangan, ta jira minti ɗaya ta kunna. Ku ci gaba, sannan wani ya kira wayar. Daga nan ki rufe shafinki ba tare da kin tsayar da naɗin ba, ki dawo ki ga me ya rage. Manhajar da ta dawo miki da muryoyin biyu bayan wannan wulaƙanci ita ce taki. Ki yi gwajin a daidai ɗakin da lokacin da za ki riƙa naɗa, domin sabis na ƙarfe 10 na safe daban yake da na bayan Isha'i.

Idan akwai ɗan kuɗin da kika ware, a makirufo za ki sa shi kafin kuɗin wata. Ki nemi irin wanda ake kira dainamik, mai shiga ta USB, kamar Samson Q2U ko Audio-Technica ATR2100x. Irin wannan abin da ke gaban bakinsa yake ji, ya yi watsi da na nesa. Masu kyan gani da ake kira kondensa suna kwaso komai, har da akuyar maƙwabta. Ki zaɓi ɗaki mai katifa da labule da kafet, ki kashe fanka ko da za ki yi gumi. Tsakanin ƙarfe 9 na safe da Azahar ya fi min daɗin aiki, yara sun tafi makaranta, ba kiran salla a tsakiya. A Yuli da Agusta kuma ki dubi sama kafin ki sa wa baƙuwa lokaci, domin idan ruwa ya sauka a kan kwano sai dai a ɗaga hirar.